Manaja Aƙilu da Masarar Cikin Hoto

Duk wanda ya ce zamani bai iso ƙasar Funtuwa ba, to bai taɓa ganin Manaja Aƙilu yana tsallaka titi ba. Zamani ya iso tuntuni, kuma a hammatar Aƙilu ya sauka. Ga mutum dogo, ga shadda tana ƙara, ga hula an karya ta gefe guda, ga baƙin tabarau ko da hadari ya haɗo. A hammatarsa ta hagu kuwa, safe da yamma, akwai wata ƙatuwar waya mai faɗin farantin tuwo, wadda masu ilimi ke kira tabulet. 'Yan kasuwar hatsi, da yake Allah bai hore musu zurfin karatu ba, faranti suke ce mata, shi kuma in ya ba da baya su ce Mai Faranti. A gabansa dai Manaja ne. Har yau ba a gano ma'aikatar da yake wa manaja ba, amma babban mutum ba a tsare shi da irin wannan tambaya.

Kafin wannan ɗaukaka, Aƙilu dillalin hatsi ne kamar kowa. Mahaifinsa, marigayi Malam Mudi, ya shekara arba'in yana cusa hannu cikin buhunan masara da dawa har gashin hannunsa ya ƙare, kuma ɗan ya fara bin sawunsa. Sai Allah ya tsamo shi daga wannan duhu. Wata ƙungiya ta shirya wa masu harkar amfanin gona bita ta kwana uku a Kaduna. Wanda aka gayyata daga kasuwarsu ya kwanta zazzaɓi, Aƙilu ya ari sunansa ya tafi. Ya ci shinkafa da kaza sau shida. Duk lokacin da malaman bita suka fara bayani, sanyin ɗakin sai ya lallaɓa shi ya kama gyangyaɗi, ba ya farkawa sai an fara tafi, kuma ya fi kowa tafawa. Ranar rufewa aka miƙa wa kowa tabulet. Aƙilu ne ya tafi Kaduna, Manaja ne ya dawo.

Daga ranar komai ya sauya. Gaisuwa da hannu biyu ta ƙare, domin hannu ɗaya yana bakin aiki. Manunin yatsansa na dama ya zama ɗan lele: ba ya taɓa igiya, ba ya taɓa buhu, ba ya taɓa tuwo. Aikinsa ɗaya, shafa gilashi. Da cokali Manaja yake cin tuwo yanzu, har da miyar kuɓewa, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana kokawa da kuɓewa da cokali ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Teburin mai shayi na bakin kasuwar hatsi shi ne fadarsa. Nan yake ajiye farantin a hankali, ya goge shi da gefen riga, sannan ya raba wa talakawa ilimi kyauta.

"Ni tausayinku nake ji," in ji shi. "Ku sai kun hau mota kun je Bakori kafin ku san me ake ciki a Bakori. Ni ina zaune nan, in shafa sau ɗaya, ga Bakori. In sake shafawa, ga Amurka. Yau ma an yi ruwa a Amurka, kun sani? Ba ku sani ba. Ofishina yana hammatata, sitona yana hammatata, sakatarena yana hammatata. Da ido za ku ga kamar mutum ɗaya ne ni, amma kamfani ne."

Masu sauraro su gyaɗa kai su ce Allah ya ƙara basira. Wani dattijo ya taɓa tambaya ko an yi ruwa a Kafur jiya, tunda can ya baro waken suyarsa a shanye. Manaja ya shafa, ya sake shafawa, ya ce wannan ƙaramin bayani ne, na'urar ba ta ɓata lokacinta a kansa.

Ana nan, kaka ta yi, sabuwar masara ta fara shigowa kasuwa. Sai ga wata mata daga Kaduna, Madam Elizabeth, mai sayo wa wani kamfanin abincin kaji masara. Tana neman wakili ɗaya tak wanda zai riƙa tattaro mata kaya daga Bakori da Tsiga da Kafur har zuwa Malumfashi, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Duk wanda ya samu wannan wakilci ya haye, domin kaji ba sa yajin cin abinci. Mutum biyu aka gabatar mata. Na farko Manaja, wanda shi ya gabatar da kansa. Na biyu wani dattijo mutumin Kafur, Baba Levi, tsohon abokin marigayi Malam Mudi, mai wani tsohon babur da 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba don kada hanjinta ya zubo.

Madam ba ta da dogon surutu. Ta ce kowa ya cika mata mota guda da busasshiyar masara, nan da mako ɗaya za ta dawo ta duba, wanda tasa ta fi kyau wakilci nasa ne. Sau uku ta maimaita kalmar busasshiya. Manaja bai ji ko ɗaya ba, yana ta neman inda zai tsaya hoto ya ɗauko shi tare da ita.

Da yamma fada ta cika, aka saurari sharhi.

"Abin da ya dame ni tsohon nan ne," in ji Manaja. "Abokin babana ne, ba na son ya ji kunya a bainar jama'a. Amma fisabilillahi, a haɗa jirgin sama tsere da jaki? Madam ma don dai kara ce ta sa shi a ciki. Mako ɗaya ta bayar, ni wuni ɗaya ya ishe ni, sauran kwana shidan in huta."

Washegari, ranar kasuwar Tsiga, ya saka babbar riga ya shiga bas. Kujerar ta mutum huɗu ce, amma Manaja ya baza gwiwar hannu ya ce a yi masa uzuri, ofis a buɗe yake. Wata mata mai goyo da ke kusa da shi ta ƙare tafiyar a ɗosane. Da rana ta leƙo ta taga ta daki gilashin, Manaja ya duba bai ga komai ba sai fuskarsa. Ba wai fuskar ta gundure shi ba ne, amma aiki na jira. Sai ya jawo hannun babbar rigar ya lulluɓe kansa da farantin gaba ɗaya.

Wani fasinja ya taɓa kafaɗar direba ya ce, "Malam, bawan Allahn nan surace yake yi mana a mota?"

Direba ya ce, "A'a, Manaja ne. Yana mitin."

Hanya kuwa ba ta san darajar ofis ba. Duk ramin da taya ta faɗa, ɗan lelen yatsa sai ya sauka inda ba a aike shi ba. Kafin su kai Bakori ya kira surukarsa ta bidiyo sau biyu, baiwar Allah ta amsa sallama, ta zauna tana kallon cikin hancin surukinta tana jiran ya yi magana.

Suna isa Tsiga sabis ɗin intanet ya ce ga garinku. Manaja ya ɗaga farantin gabas, ya ɗaga yamma, shiru. Ya hango wani suri a bayan kasuwa, ya tattare riga ya hau, ya miƙa hannu biyu sama kamar mai roƙon ruwa. Manoma suka ajiye ciniki suna kallon ikon Allah. Sabis bai zo ba, amma cinnaku sun zo, sun kuma bi ta ƙafar wando. Yadda Manaja ya sauko daga surin nan, da za a ba da kyauta a kan rawa da ya koma gida da rago. Ya ce da masu kallo motsa jini ne, likitoci sun ce mai aikin ƙwaƙwalwa yana bukata.

Can gindin wata bishiyar mangwaro, Baba Levi ya riga ya shimfiɗa buhu ya zauna yana aikin jakinsa. Manomi ya zo, sai an gaisa tukuna. Ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da damina, ƙafar nan da ta dame ka bara ta yi sauƙi? Sai an gama wannan duka sannan a kwance bakin buhu. Tsohon ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gwiwa, ya bar shi can ciki ya yi shiru, kamar uwa tana jin goshin ɗanta. Ya ɗebo daga tsakiya, ya girgiza a kusa da kunne, ya jefa ƙwaya biyu a baki. In ta bushe, sai ka ji ta fashe ƙas, har na kusa ya ji. In da sauran danshi, haƙori sai ya nutse cikinta shiru kamar ɗanyar gyaɗa. Irin wannan sai Baba Levi ya tofar ya ce, "Masara mai kyau ce, ɗan'uwa. Ƙara mata rana biyu, zan biyo ta gida." Ba a taɓa jin wanda ya yi fushi ba. Wannan ita ce hanyar jahiliyya, kuma da ita ake sayen hatsi a ƙasar nan tun kafin a yi kwalta.

Manaja ya kawo tsari. Ya sa aka jawo masa benci, ya ce duk mai masara ya shiga layi. Magidanta masu furfura, masu gonakin da ido ba ya ganin ƙarshensu, aka jera su kamar masu jiran rigakafi.

"Suna? Gari? Kalli nan. Kada ka yi dariya. Na gaba."

Wani dattijo ya miƙa hannu biyu ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan Malam Mudi, yaya mutanen gida?" Manaja ya ce babu gurbin wannan tambaya a fom, ya matsa a ba na baya wuri.

To busasshiyar masara ba ta roƙon mai saye. Ko yau ko wata uku, tana nan yadda take. Don haka masu irinta ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki daga layi, suka sa aka kai buhunansu gindin mangwaro, inda ake tambayar lafiyar ƙafa. Waɗanda suka rage su ne masu gaggawa, waɗanda suka karyo masara makon jiya, suka kai ta inji shekaranjiya, suna addu'ar Allah ya kawo mai saye kafin ta fara magana da kanta.

Shugaban masu gaggawa wani ne Maiwada, mutum mai fara'a da zaƙin baki. Ya tsaya ya kalli yadda Manaja ke saye: a buɗe bakin buhu, ya ɗauki hoto, ya jawo hoton da yatsa biyu, ya gyaɗa kai, a ɗinke. Maiwada ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Ya zagaya baya, ya sa aka zuba tiya ɗaiɗai ta busasshiyar masarar bara a saman kowane buhunsa. Sannan ya aro lema ya zo ya riƙe wa Manaja don gilashi ya fito sosai.

"Ranka ya daɗe," in ji Maiwada, "shekarata talatin ina zuwa kasuwar nan, ban taɓa ganin an sayi masara da ilimi ba sai yau."

"Ka ga kai kana da fahimta," in ji Manaja. "Irinku ƙasar nan take bukata. Buhu nawa gare ka?"

Da hannu ɗaya Maiwada ke riƙe da lema, da ɗayan yana kiran 'yan'uwa da abokan arziki a waya: a yi maza a zo, ga wani yana sayen masara da ido. Kafin azahar kekunan shanu da babura sun cika wurin. Manaja ya dubi tarin buhunan da ke gabansa, ya dubi 'yan ƙalilan da ke gindin mangwaro, ya girgiza kai don tausayi.

Akwai wata tsohuwa mai sheƙa wa mutane hatsi a gefen kasuwar, Iya Hansai, wadda ta san Aƙilu tun yana bin babansa da butar ruwa. Ta daɗe tana kallo. Da abin ya ishe ta sai ta ajiye ƙwaryarta ta matso.

"Aƙilu, ɗan Mudi, ba za ka sa hannu ba? Ubanka ko a mafarki ba ya sayen buhu bai tauna ba."

Manaja ya zare tabarau, abin da ba ya yi sai zai yi muhimmin jawabi.

"Iya Hansai, zamaninku kun yi, Allah ya saka da alheri. Amma wannan da kike gani, idonta miliyan goma sha uku ne. Ke naki biyu, ɗaya ma da yana. Ina iya jawo ƙwayar masara guda ta cika gilashin nan kamar kabewa, in ga abin da ke ranta. Haƙori na cin nama ne, ba na bincike ba. Kuma ki riƙa tunawa, ni kamfani nake wakilta. Kamfani ba ya tauna."

"To, Allah ya ba kamfani lafiya," in ji Iya Hansai. Ta koma ga ƙwaryarta, ta ce da ta kusa da ita, "Yau ga mai yi wa rogo kallon kitse."

Gab da la'asar farantin ya yi ƙara sau biyu ya rufe idanunsa miliyan goma sha uku. Caji ya ƙare. Saura buhu arba'in ba a ɗauki hotonsu ba. Wani zai rikice, amma ban da Manaja. Ya ce na'urar ta riga ta gane irin masarar yankin, sauran a loda kawai. 'Yan dako suka loda. Kafin rana ta faɗi motar da ya ɗauko haya ta cika maƙil, direbanta Murtala ya kama hanyar Funtuwa. Jirgin sama ya sauka. Jaki yana gindin mangwaro da buhu goma sha biyu, yana tauna.

A harabar wani sito aka faka motar. Manaja ya sa aka ja mata tamfol biyu, aka ɗaure tamau ta kowane gefe, don kada ƙura ta ɓata wa masarar launi kafin Madam ta zo. Aka bar ta a tsakiyar rana. Shi kuma ya koma fada, ya sa farantin a caji, ya tura wa Madam hotuna ɗari uku da 'yan kai. A cikinsu akwai masara a kusan rabi, akwai Manaja a duka. Madam ta amsa da kalma ɗaya: "To." Manaja ya zagaya da wannan kalma teburi-teburi yana nunawa. Ya ce manyan mutane ba sa doguwar magana in sun gamsu.

Ɗanyar masara in an matse ta a buhu, aka rufe ta ruf, aka ajiye a rana, ba ta zama haka nan. Gumi take yi, ta ɗauki zafi, ta shiga dafa kanta. Kowace mace mai rumbu ta san wannan. Amma ba a faɗa a Kaduna ba, ko kuma an faɗa lokacin da sanyi ke aikinsa.

A kwana na huɗu Murtala direba ya samu Manaja a fada.

"Manaja, motar nan fa tana wari. Kamar an jiƙa gasara an manta da ita. Na zura hannu ta ƙarƙashin tamfol, wallahi zafi kamar murhu."

Manaja bai tashi ba. Mai ofis a hammata ba ya tashi. Ya shafa gilashi, ya jawo hoto, ya juya wa Murtala.

"Matso ka gani. Wannan masarar ce ta lalace? Dubi ƙyalli. Dubi ƙwaya."

"Manaja, ai wannan hoton ranar kasuwa ne."

"To wata masarar ce daban a motar? An sauya ta ne?"

Lalle kuwa ba a sauya ta ba. Murtala ya sosa ƙeya ya tafi. Manaja ya dubi jama'a ya ce kun ga amfanin hujja.

A kwana na biyar Baba Levi ya biyo ta sito da nasa kayan da yake tarawa kaɗan-kaɗan. Tun daga bakin ƙofa hancinsa ya ba shi labari. Ya nemi Aƙilu ya ja shi gefe inda ba kowa, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, sauke kayan nan yau mu shanya. Saura kwana biyu, za a ceci rabi. Ni zan kira maka 'yan dako."

Manaja ya yi godiya da leɓe. Tsohon na juya baya ya dawo fada da labari.

"Kun ji dabarar tsofaffi? So yake in sauke kaya, Madam ta zo ta tarar da mota wayam. Mun karanta irin wannan a Kaduna, sunansa yaƙin kasuwa. Ni za a yi wa? Murtala! A ƙara ɗaure tamfol ɗin nan."

Ranar alkawari ta zo. Baba Levi da safiyar ranar ya samu ya cike motarsa, buhun ƙarshe ma shi da kansa ya ɗinke. Manaja kuwa tun hantsi ya sa aka kafa teburi a harabar sito, aka shimfiɗa masa zane, aka ajiye gorar ruwa da kujera ɗaya don Madam. 'Yan kasuwar hatsi suka taru, har da waɗanda ba su da aiki a sito, domin wari ya riga ya zagaya unguwa ya yi gayya.

Madam ta zauna. Manaja ya jingina farantin da gorar ruwa, ya danna. Kiɗa ya tashi. Hotuna suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya: Manaja da buhu, Manaja a kan benci, Manaja yana nuna sama, Maiwada da lema yana murmushi.

"Madam, abin da kike gani shi ne makomar kasuwancin hatsi a Afirka. Buhu ɗari uku cikin wuni ɗaya, ba a taɓa ba, ba a tauna ba, ba a sa musu yawu ba. Tsafta tun daga gona har bakin kaza. In aka ba ni wakilcin nan, cikin shekara biyu manomi ba zai ma bukaci ganina ba. Hoto zai turo, in shafa, mota ta tashi."

Madam ta kalla har ƙarshe, domin mace ce mai haƙuri. Da kiɗan ya tsaya sai ta ce a buɗe tamfol.

Da 'yan dako suka yaye shi, wani tururi ya taso, na gaba-gaba suka ja baya suna toshe hanci. Aka sauko da buhu ɗaya daga tsakiyar mota. Madam ta cire zobenta, ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu har gwiwa. Ba ta daɗe ba ta zaro shi da sauri. Abin da ta ɗebo ba ya zuba, a dunƙule yake kamar dawo, ga wani kore-kore da baƙi-baƙi ya lulluɓe shi. Ta sa aka sauko da na biyu, da na uku, da na goma. Saman kowanne tiya guda mai ƙyalli, ƙasa kuwa sai addu'a.

"Malam Aƙilu," in ji ta, "in na ba kaji wannan, kafin sati in kwashe su a baro."

Kowa ya zuba ido, ana jiran jawabin kamfani. Manaja ya dubi dunƙulen da ke hannunta, ya dubi gilashinsa, ya sake duban dunƙulen. Ɗayansu ƙarya yake yi, kuma ya san ba na'ura ba ce.

"Madam, wannan matsalar sabis ce. Ranar da aka yi lodin nan babu sabis a Tsiga, kowa shaida ne. Bayanin bai gama shiga ba."

Wani ɗan dako ya ce a'uzubillahi, ya zauna a ƙasa don dariya ta hana shi tsayuwa.

Madam ta wanke hannu ta nufi motar Baba Levi. Ta zaɓi buhu daga sama, daga ƙasa, daga can lungu. Kowanne ta cusa hannu, ta ɗebo, ta jefa a baki. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Manaja yana tsaye yana jin kowace ƙas kamar a ƙashin bayansa ake yin ta. Ta ce, "Baba, wakilci naka ne, Allah ya sa albarka." Tsohon ya cire hula ya ce amin.

Sannan ta buɗe jakarta ta zaro tabulet, wadda ta fi ta Manaja faɗi da kusan yatsa uku. Ta ɗauki hoton motar, ta rubuta 'yan kalmomi, ta tura ofishinsu, ta mayar jaka. Duka bai kai a sha kofin ruwa ba.

Manaja ya matso da murya ƙasa-ƙasa. "Madam, ashe ke ma kina da ita?"

"Shekarata huɗu da ita. Tana da amfani ƙwarai, ta rage mini zirga-zirga da takardu. Sai dai har yau ba ta fitar da haƙori ba."

Masarar Manaja aka baza ta a bayan sito ko za a samu abin tsinta. Kwana uku yana tsaye a kanta da sanda don korar dabbobi, amma ba a ba shi wahala ba. Kajin unguwa, waɗanda ba a taɓa jin sun ƙi tayi ba, suka zo suka zagaya suka wuce. Ya kira Maiwada, waya a kashe. Hotonsa dai yana nan lafiya, yana murmushi.

Sai dai kamfani yana da sharaɗi: duk kayan da wakili ya saya, a turo hotonsu da sunan ƙauyen kafin mota ta tashi. Wayar Baba Levi kuwa ko kiran ta aka yi sai an matse ta da hannu biyu take magana. An kawo masa sunayen mutane da dama da za su riƙa ɗaukar masa hoton. Ya ce a'a, akwai ɗan abokinsa yana zaune ba aiki, kuma yana da kayan aikin. Ya je har gida ya yi sallama. Manaja ya bar shi a zaure rabin sa'a, ya fito ya ce zai duba jadawalinsa ya ga ko da sarari. Kafin tsohon ya gama saka takalmi an samu sarari.

Yanzu in ka tsaya a hanyar Kafur ranar kasuwa za ka gan su. Baba Levi a gaba yana jan babur a hankali, Manaja a baya, shadda tana kaɗawa, faranti a ƙirji. In sun isa, tsohon ya zauna ya yi gaisuwarsa ta rabin sa'a, Manaja yana tsaye a rana. Tsohon ya cusa hannu, ya girgiza, ya tauna, Manaja yana tsaye. Sai an ji ƙas sannan tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Ɗauka, ɗana." Idanu miliyan goma sha uku su buɗe, su ɗauki abin da haƙori huɗun da suka rage wa tsohon suka amince da shi.

An tambayi Manaja a fada yadda aka yi kamfani guda ya koma bayan babur. Ya gyara hula ya dubi mai tambayar da tausayi.

"Kai ba ka san tsarin manya ba. Ka taɓa ganin babban mutum yana tuƙi? Direba ne a gaba. Mai gida a baya yake zama."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk fadar ta amsa. Mai shayi ne kawai, yana juya madara, ya ce shi dai a iya saninsa da babur ɗin Baba Levi, wurin nan na buhu ne.